Hanya kawai suka ce a ara musu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Alhamis nake ɗauko waya in ajiye, in sake ɗauka in ajiye, domin maganar da zan yi ni ne farkon wanda za ta taɓa.

Ni ma'ajin sito ne. Aikina in ƙirga abin da ya shigo, in ƙirga abin da ya fita, in sa hannu. Ranar Alhamis bayan la'asar mota ta kawo siminti, 'yan dako suka sauke, na ƙirga sau biyu, buhu 40 babu. Ina tsaye da takarda a hannu sai ga yaron oga yana murmushi. Ya ce, "Malam, oga ya san da maganar. Kai dai sa hannu cewa sun cika. Ai ba kai ka ɗiba ba, ba kuma kai za ka ci ba. Takarda ce kawai za ta bi ta teburinka ta wuce." Na dubi direba, ya kau da kai. Na dubi 'yan dako, kowa yana kakkaɓe rigarsa kamar bai ji ba. Na sa hannu. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Daga nan na yi alwala, na samu sahun gaba a sallar magariba, har da jan carbi bayan an idar.

Ko kwabo ban karɓa ba, wallahi. Da wannan na yi ta rarrashin zuciyata har na isa gida.

A daren nan ne ƙanena da ke karatu a birnin Busan na Koriya ta Kudu ya turo mini hotuna. Bai san abin da na yi ba, hira kawai yake nema. Ya ce, "Yaya, zo ka ga abin mamaki, gidan tarihi a cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa." Sunan tashar Suan. Lokacin da ake haƙa hanyar jirgin, daga shekarar 2005, masu aiki suka faɗa kan tsohon ramin ganuwar wani gari da ake kira Dongnae. A cikin taɓon ramin aka tono sulke da kwalkwali da takubba da kibau, da ƙasusuwan mutum fiye da 80, maza da mata da yara, wasu ƙoƙon kansu da saran takobi. Sun fi shekara 400 a kwance, mutane suna bi ta kansu suna zuwa kasuwa ba su sani ba. A cikin hotunan akwai wani allo mai rubutun Sin. Na tambaye shi me aka rubuta. Da ya fassara mini, barci ya ƙaurace wa idona. Na kwana ina bin labarin.

Ga yadda abin yake.

A shekarar 1592 daular Joseon, wato Koriya ta wancan zamani, ta cika shekara 200 cif da kafuwa, kuma ta daɗe rabonta da babban yaƙi. A can tsallaken teku wani mai ƙarfi, Toyotomi Hideyoshi, ya gama haɗa kan Japan da takobi, ransa ya biya ya ci ƙasar Sin, wadda daular Ming ke mulki. Koriya ce a tsakani. Saƙon da aka kawo wa Koriyawa mai laushi ne: ba da ku muke ba, Sin za mu, ku dai ara mana hanya. Sarki Seonjo ya aika jakadu su gano gaskiyar lamari. Suka dawo a 1591 baki bai zo ɗaya ba. Hwang Yun-gil ya ce yaƙi na nan tafe, Kim Seong-il ya ce babu abin da zai faru. Fada ta ɗauki maganar da ta fi daɗin ji. Haka ɗan Adam yake tun fil azal.

A wannan shekarar ce aka tura wani mutum mai suna Song Sang-hyeon ya riƙe Dongnae, garin da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga gaɓar Busan ta nufi babban birni. Malamin alƙalami ne. An haife shi a 1551, ya ci babbar jarrabawar shiga aikin sarki a 1576, irin jarrabawar da mutum ke ƙarar da ƙuruciyarsa yana haddar littattafan magabata kafin ya tunkare ta. Irin mutanen da za mu kira ma'aikacin gwamnati ne, mai tebur da tawada da hatimi. Kamar ni, in ka cire girman muƙami.

A ƙarshen watan Mayu na 1592 jiragen Japan suka rufe tekun Busan. Rundunar farko kaɗai, wadda Konishi Yukinaga ke jagoranta, ta haura mutum 18,000, ga bindigogin da suka koya daga Turawan Fotugal. (Shekara guda kafin nan, a 1591, irin waɗannan bindigogi ne a hannun sojan Maroko suka karya daular Songhai a Tondibi. Zamanin kenan.) Busan ta faɗi a yini ɗaya, kwamandanta Jeong Bal ya mutu yana faɗa. Kashegari, 25 ga Mayu, suka iso ƙofar kudu ta Dongnae. Na lissafa da kalandarmu, sai na ga tsakiyar Sha'aban ne na shekara ta 1000 bayan hijira, wata ya cika.

Ba su fara da harbi ba. Allon katako suka kafa a gaban ƙofa da rubutu: in faɗa kuke so, a yi faɗa, in ba ku so, ku ara mana hanya.

Ku dubi tayin nan da kyau, jama'a. Ba su ce ya bar addininsa ba. Ba su ce ya zagi sarkinsa ba, ba su ce ya ɗauki takobi ya sari ɗan uwansa ba. Ya buɗe ƙofa kawai ya koma gefe. Abin da za su je su yi a gaba, ai ba shi ya yi ba. Yana da hujjoji cike da kwando: sun fi mu yawa, suna da bindiga, Busan ma ta faɗi, akwai mata da yara a garin nan, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Song Sang-hyeon ya sa aka kawo masa allo, ya rubuta kalma shida da rubutun Sin, ya jefa musu daga kan ganuwa. Ma'anarsu: mutuwa a fagen fama abu ne mai sauƙi, ba da aron hanya shi ne mai wuya.

Wannan ne allon da ƙanena ya ɗauka a hoto. Ni kuma a yinin ranar an ce mini takarda ce kawai za ta bi ta teburina ta wuce.

Innalillahi. Kalmar ɗaya ce, 'yan uwa, harshe ne kawai ya bambanta.

Na san wani zai ce, Malam, duk mutanen kirkin da ke cikin tarihinmu, sai ka tsallaka har Koriya ka ɗauko wanda ko alƙibla bai sani ba? Eh, shi na ɗauko, domin shi ne ya ba ni kunya. Ba ina yanke masa makoma ba ne, wannan na Mai Sama ne. Amma mutumin nan ba a taɓa karanta masa "kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare haddi" ba. Ba a taɓa gaya masa cewa kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan kiwonsa ba. Bai ji hadisin riba ba, wanda la'anar ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ta haɗa har da marubuci da shaidu biyu, aka ce duk ɗaya suke. Marubuci fa! Mai alƙalami, wanda bai taɓa kuɗin ba. Ni na ji duk wannan tun ina makarantar allo, na ji a tafsirin azumi, na ji a huɗubar Juma'a, wataƙila ma na taɓa turawa a WhatsApp da rubutun "don Allah a yaɗa". Da aka kafa mini allo a bakin ƙofata, ko tari ban yi ba.

Akwai wani mutum na biyu a labarin, kuma shi ya fi kama da mu. Sunansa Yi Gak. Shi ne ainihin soja, kwamandan dakarun yankin, wanda ya kamata a ce shi ke tsaye a kan ganuwa. Ya shigo Dongnae, ya ji yadda Busan ta ƙare, sai ya ce shi fita zai yi ya kafa sansani a waje, wai ya fi amfani daga can. Song ya roƙe shi ya tsaya, ya ƙi. Ya fita, kuma bai waiwayo ba. Bai ce gudu zai yi ba, ku lura. Dabara ya kira abin. Mu ma ai ba ma cewa tsoro muke ji. Sai mu ce, "bari in lallaɓa tukun, in na yi ƙarfi zan gyara." "In na yi magana aka kore ni, wanda zai maye gurbina ya fi ni muni." "Ina ƙin abin a zuciyata." Ƙi a zuci da aka ce, na wanda ba shi da iko ne. Kai kuwa mabuɗi na aljihunka, hatimi na cikin durowarka, sunanka ake jira a kan takarda, sannan ka ce ƙi a zuci? Wa kake yaudara, bawan Allah?

Yi Gak bai tsira ba. Bayan 'yan makonni ya ɓulla a sansanin sojan sarki da ke bakin kogin Imjin, aka kama shi aka fille masa kai saboda gudun da ya yi. Mutuwar da ya guje wa a Dongnae ta jira shi a gaba, ta same shi ba mutunci. A 1760 wani mai zane, Byeon Bak, ya zana yaƙin a kan ƙyalle ɗaya: ga Song a tsakiyar gari zaune cikin rigarsa, ga Yi Gak can a kusurwa yana sukuwa ta bayan ƙofar arewa. Har yau zanen na nan, yara 'yan makaranta suna kallon keyarsa. Wannan fa tonon asirin duniya ne kawai, na ƙyalle da fenti. Ina ga ranar da hannu zai yi magana da kansa?

To bari mu dawo gida, don kada a ce na ɓoye a bayan Koriya.

Kai da aka ce ka ba da lambar asusunka kuɗi su shigo su fita, a bar maka ɗan na goro, ba ka tambayi daga ina ba don kada ka ji: hanya ka ara. Malama, ke da aka sa gadin jarrabawa, aka ce da ƙarfe goma sha ɗaya ki ɗan leƙa waje ki sha iska, ba ke kika rubuta amsa a allo ba, gaskiya ne, amma ƙofar taki ce. Mai kemis da ke miƙa wa yaro ɗan shekara sha shida kwalabe uku na maganin tari yana kallon idonsa jawur, ya ce shi ciniki yake yi. Mai gadi da ke jin ƙarar mota ƙarfe biyun dare ya gyara kwanciya. Hajiya, ke da 'yarki ke dawowa da waya sabuwa fil da ba ke kika saya ba, ba babanta ya saya ba, kika ce "kada dai Alhaji ya gani", kika taya ta ɓoyewa. Kai da ka buɗe zaure a WhatsApp da sunan zumunci, kullum ana yanka naman mutane a ciki, kana gani kana shiru don kada a ce ka cika tsanani. Ke da aka turo miki muryar matar wani ana tona mata asiri, ba ke kika naɗa ba, turawa kawai kika yi, har da rubuta "Allah ya kyauta" a ƙasa.

Mu da muke Arewa ma ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Garuruwa nawa aka shiga da dare aka san gidan da za a nufa kai tsaye? Wa ya nuna? Wa ke kai mai da burodi da katin waya cikin daji? Kowannensu in ka tambaye shi zai rantse bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma wataƙila da gaskiyarsa. Da ɗan gari akan ci gari. Muna tsine musu a majalisa, kuma sun cancanta, amma hujjarsu ita ce hujjata ta ranar Alhamis. Girman ɓarnar ne ya bambanta. Wallahi da na gane haka sai da cikina ya juya.

Ba ina zaginku ba ne, 'yan uwana. Na san dalilin. Na san kuɗin makaranta, na san haya, na san buhun shinkafa. Na san yadda ake kallon mutum a wurin aiki in ya cika "a'a", a daina gaishe shi, a sa masa suna ustazu ana dariya. Ni ma ina da yara huɗu da tsohuwa a gida. Abin da ya sa hannuna ya yi saurin kama biro kenan. Amma ku ji abin da Song ya yi da irin wannan uzuri, domin shi ma yana da tsoho.

Da ganuwa ta karye, cikin sa'o'i kaɗan, aka koma faɗa lungu-lungu. Mata suka hau rufin ɗakuna suna ciro fale-falen rufi suna jifan sojan Japan da su. Biyu daga cikinsu har yau ana tunawa da su a gidan tunawa da ke Busan, kuma ba wanda ya san sunansu. Shi kuwa da ya ga ƙarshe ya zo, sai ya sa aka kawo masa rigar aikinsa ta fada, ya ɗora a kan sulke. Ya fuskanci arewa inda sarkinsa yake ya yi gaisuwar ban kwana irin tasu. Sannan ya ɗauki mafici ya rubuta wa mahaifinsa baiti huɗu. Ma'anarsu: gari ɗaya tilo an kewaye shi kamar zoben da ke kewaye wata, sauran sansanoni sun ta da kai da matashi suna barci, haƙƙin da ke tsakanin sarki da baransa ya yi nauyi, shi ya rinjayi haƙƙin da ke tsakanin uba da ɗa. Gafara yake nema a wurin tsohonsa. A al'adar mutanen nan ba abin da ya kai biyayyar iyaye, sun ɗauke ta tushen kowane hali nagari, don haka ku san ba da sauƙi ya rubuta wannan ba. An ce wani daga cikin Japanawan da ya san shi tun zamanin zuwan jakadu ya yi masa nuni ya gudu, ya ƙi tashi. A nan zaune aka kashe shi, yana da shekara 41.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rigar. Me ya sa ya sa rigar aiki? Ni dai abin da na fahimta, yana so a same shi a matsayin wanda aka damƙa wa garin, a wurin da aka ajiye shi, cikin kayan da aka ba shi amanar da su. Mu kuma in abu ya taso, rigar muke fara tuɓewa. "Ni ƙaramin ma'aikaci ne." "Ni umarni aka ba ni." "Ni wa ne?" Ranar albashi ba ka ce kai wa ne ba.

Kada in yi muku ƙarya, ƙin da ya yi bai tsare hanyar ba. An bi ta kansa an wuce. Cikin kwana 20 da saukarsu suka shiga babban birni, inda Seoul take a yau, sarki ya gudu arewa har Uiju a bakin iyakar Sin, yaƙi ya ja har 1598. Mutanen da aka tono a tashar Suan ba su tsira ba. Wani zai ce to me ya amfana? Na juya wannan tambaya har asuba. Abin da na samu shi ne, tsayar da rundunar Japan ba ya cikin abin da aka ɗora masa, ƙofa ɗaya aka ba shi. Ni ma ba a ce in gyara ƙasa ba, ba a ce in shiryar da oga ba. Sito ɗaya ne da biro ɗaya. Kuma masu cewa hanya kawai suke so, kun ga abin da suka yi wa ƙasar da suka bi ta cikinta. Sin da suka ce za su, ƙafarsu ba ta taka ba, Koriya ce ta zama turmi shekara bakwai. Haka takardar nan: ranar da masu bincike za su zo, sunan oga ba ya jikinta, sunan yaronsa ba ya jikinta. Nawa ne, da rubutuna mai kyau.

Japanawan da suka kashe shi su suka binne shi a wajen gari, suka kafa itace da sunansa don girmamawa. A 1605 wani da ya riƙi garin a bayansa ya gina masa gidan tunawa, shi ne wanda ake kira Chungnyeolsa a yau. Yaron oga kuwa, da na miƙa masa takardar, ko na gode bai ce ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Sai wani jiƙon, Malam." Wani jiƙon! Wato ya riga ya san akwai na gaba, kuma ya san ba sai ya yi murmushi ba a karo na biyu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni ko ladan ban ci ba, ga aska an miƙo mini.

Don girman Allah, ɗan uwa, dubi abin da ke bi ta hannunka. Ba abin da kake aikatawa nake tambaya ba, na san kana sallah, na san kana azumin Litinin da Alhamis. Abin da ke wucewa ta wayarka, ta shagonka, ta asusunka, ta ƙofar ɗakinki, kana gani kana matsawa gefe. Ba a ce ka mutu ba. Shi an nemi ransa. Kai ɗaure fuska kawai za a yi maka, ko a hana ka ɗan abin da dama ba naka ba ne. Ka ce, "Ku yi haƙuri, ban da ta wurina." Ko muryarka na rawa, ka faɗa. Ko an yi dariya, ka faɗa.

Don Allah. Don Allah, 'yar uwa, kada ki tura muryar nan. Goge ta.

Gobe Litinin. Na rubuta wata takarda da hannuna, na sa adadin da na ƙirga na gaskiya da kwanan wata, tana cikin aljihun rigar da zan sa. Da safe zan shiga wurin oga kafin yaronsa ya iso, in ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure ranar Alhamis, ga daidai." Ban gaya wa maiɗakina ba tukun, sai bayan isha'i. Ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Duk wanda ya karanta har nan ya sa ni a addu'a a sujadarsa ta asuba, Allah ya ɗaure mini ƙafa kada in juya daga bakin ƙofar ofis.